Jan Biro Ya Guntsi Ruwa

Tun yana koyar da Turanci a sakandare ɗalibai suka laƙaba masa Jan Biro, kuma har ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Shi ma bai saki halin ba. Mutum ne da in ya hango kuskure a allon shagon aski, sai ya yi wa mai askin bayani ko da rabin kansa ne aka aske. Ba ya faɗa, ba ya tsawa. Gyaran murya kawai yake yi, ɗan "uhum" guda, kuma duk wanda ya zauna ajinsa ya san nufinsa: koma baya ka gyara.

Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga a falo. Ta yi makaranta daidai gwargwado, tana jin Turanci, bakin ne dai ya yi tsatsa. Abin bai taɓa damunta ba sai da ɗansu ya yi aure a ƙasar da yake aiki, aka haifa musu jika mace wadda ko "zo" ba ta ji da Hausa. Ga shi za su zo hutu karon farko.

"Malam, ka koya mini," in ji ta. "Ba zan zauna ina yi wa jikata murmushi kamar hoton bango ba."

Daɗi ya kashe shi. Kullum bayan karin kumallo sai ya jawo kujera kusa da keke. In abu ya riga ya wuce, ga yadda kalma take sauyawa. In mutum ɗaya ake magana a kansa, a liƙa "s" a ƙarshe. Ga inda "the" take zama, ga inda ba ta da gurbi. Matar akwai kai, nan da nan ta kama. Sai dai da ta buɗe baki:

"Yesterday I go..."

"Uhum."

"I went. She like the..."

"Uhum."

A hankali maganarta ta riƙa gajarta. Ranar da ɗansu ya kira ta bidiyo, yarinyar ta manna fuska a waya tana tambayar kakarta me take ɗinkawa. Kaka ta fara amsawa ke nan Jan Biro ya yi uhum. Wallahi bai ma san ya yi ba. Ta miƙa masa wayar ta koma kan keke, ya gan ta tana ta laluben ramin allurar da tuni akwai zare a ciki.

"Maman yara, ai gyara ne kawai," ya ce bayan an kashe waya.

"Na sani, Malam. In sun zo kai ka yi musu hira, ni sai in shiga kicin."

Maganar ta tsaya masa a rai. Shi da ya buɗe bakin 'ya'yan mutane, yau ga shi ya ɗinke na matarsa. Ya ji kunya, ya kuma ji tausayinta ƙwarai. Ya yi niyyar ya yi mata alkawarin dainawa, amma ya san maƙogwaronsa ba ya shawara da shi.

Baƙi suka iso da rana tsaka. Aka gaisa, aka shigar da akwatuna, surukarsu ta zauna tana fifita. Yarinyar kuwa kai tsaye ta nufi keke, inda wata 'yar riga ruwan ɗorawa take rataye. Ta shafa ta, ta ɗago ido tana jiran bayani. Kaka ta buɗe baki, sai ta waiwayo ta dubi mijinta, ta rufe.

Jan Biro ya ɗauki kofi a kan tebur, ya guntsi ruwa har kumatunsa suka cika tam. Ya zauna, ya harɗe hannu, ya nuna wa matarsa yarinyar da haɓa.

Dariya ta kubce mata. Ta durƙusa gaban yarinyar.

"I sew it for you, ƙawata. You like?"

Ruwan ya motsa a kumatunsa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya daure.

"I love it! I bringed you something too!" in ji yarinyar.

Ya runtse ido.

"Baba, lafiya?" ɗansa ya tambaya. Ya ɗaga masa hannu, alamar a ƙyale shi.

Daga nan fa Kaka ta ɓalle. Ta ba jikarta labarin ranar da babanta ya haɗiye maɓalli yana yaro, aka kwasa sai asibiti. Jiya ta shiga cikin gobe, namiji ya koma mace, "the" kuwa ko ƙyallinta ba a gani ba. Yarinyar tana ta ƙyalƙyala dariya, ba abin da ya wuce ta. Can ta haye cinyar kakarta, ta kwantar da kai a ƙirjinta, ta ce a sake ba ta labarin daga farko.

Kaka ta dube shi ta saman kan yarinyar.

"Haɗiye mana, Malam, kada ka shaƙe mini."

Ya haɗiye, ya share idonsa da bayan hannu, ya sake cika kofin.