Wule a Hannun Sojan Ƙasa Biyu

A shekarar da kuɗin mai suka fara sa wa gwamnati ƙaiƙayi a tafin hannu, manya suka zauna a birni suka ƙulla yarjejeniya: sojan Najeriya da na Nijar za su riƙa sintiri tare a bakin iyaka, ɓarawon shanu ya shiga uku. Aka turo wa Batsari motoci sababbi fil. Ɓarayi na jin rurin inji tun daga nesa, suka gangara dajin Runka suka miƙe ƙafa.

Manu, wani saurayin makiyayi daga rugar Wagini, bai san ana yi ba. Zuciyarsa na can tsallaken iyaka, gidan Baffa Haliru, aminin marigayi mahaifinsa. Lokacin da fari ya cinye musu garke, Haliru ne ya ba Manu habbanaye: aron saniya, ka riƙe ta har ta haihu, maruƙan naka ne, uwar kuma ka mayar da ita da ƙibarta da lafiyarta. Wanda ya kasa mayarwa ba ya ƙara ɗaga kai a cikin Fulani, balle ya buɗe baki ya nemi 'yar gidan. Manu kuwa Fanta yake so, 'yar Haliru, so irin wanda ke sa mutum ya yi wa saniya waƙa don ya rasa mai saurare. Ya wanke Wule, saniyar aron da ta riga ta haifa masa 'yar maraƙa, ya shafe mata ƙaho da man shanu, ya kama hanyar mayar da ita yana murmushi shi kaɗai.

A gindin wata tsamiya motoci suka zagaye shi. Wata guda ana sintiri, ko akuya ba a kama ba, ga shi ranar ce manya ke zuwa duba aiki.

Kyaftin Armaya'u Bakatsine ne, Kumandan Mani ɗan Maraɗi, ƙila ma kakanninsu a akushi guda suka ci tuwo. Amma martabar ƙasa ta hana su jin Hausa. Kyaftin ya yi Turanci ga tafintansa, tafinta ya faɗa wa tafintan Kumandan da Hausa, shi kuma ya juya zuwa Faransanci.

"Ranka ya daɗe, aro ce, mayarwa zan yi," in ji Manu.

"Kai, Ɗan Fulani, rufa mana baki," in ji tafintan Kyaftin. "Oga ya ce saniyar Najeriya ce, za ka fitar da ita ta ɓarauniyar hanya."

"Namu ogan ya ce ƙarya ne," in ji ɗayan. "A Nijar aka haife ta, satowa aka yi."

"Ciyawar wa ta ci ta yi wannan tozo?"

"Nonon wa ta sha?"

"To ku bi ni mana, ga rugar can, ana hango bukkoki!" in ji Manu.

Ba wanda ya fassara wannan. Aka yi ta ja-in-ja, har wani kofur ya fara gyara bindiga. Sai Kyaftin ya dubi rana, ya tuna baƙi na tafe kuma ba a tanadi nama ba. Ya sunkuya ya raɗa wa Kumandan magana, da Hausa tsantsa. Kumandan ya yi dariya. Ƙasashen biyu suka daidaita nan take.

Wayyo Wule! Manu ya rungume wuyanta yana kuka kamar yaro, sai da soja biyu suka ɓamɓare shi, ɗaya daga kowace ƙasa.

Da la'asar aka kafa rumfa. Aka zaunar da Manu a gefe, ɗaure da igiyar saniyarsa, don manya su ga ɓarawo. Aka kwaso dattawa daga ƙauyukan ɓangarorin biyu a bayan mota, aikinsu tafi. Wani babba ya yi jawabi a kan zumunci, ya ce iyakar nan Bature ne ya zana ta, mu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Aka tafa, aka raba tsire.

Baffa Haliru na cikin waɗanda aka kwaso. Ya ci tsinke biyu, ya zaga bayan rumfa wanke hannu, sai ya ga kan saniya a ajiye a kan ganye. Ya duƙa ya shafa kunnen. Tsagar gidansu ce, da wuƙarsa ya yi ta. Ya ɗago ya hango Manu.

Ya tako a hankali ya tsaya a kansa.

"Sannu da hanya, Manu."

"Baffa, wallahi gida zan kawo ta..."

"Ai ka kawo. Har baki ka kawo mini. Ta yi kitse kuwa, ka iya kiwo."

Manu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan igiyar. "Baffa, maganar Fanta fa?"

Tsohon ya daɗe yana sakace haƙori da tsinken tsire.

"In na ce ba ka mayar ba, ga ta a cikina. In na ce ka mayar, Fulani su yi mini dariya har kabari. Jeka ka yi kiwon 'yarta. Ran da ta isa haihuwa ka koro mini ita, sannan mu yi magana." Ya juya, sai kuma ya waiwayo. "Ka biyo ta dajin ɓarayi. Su ko ba komai da ranta suke tafiya da ita."