Galan Ɗin Baba Walda

"Ba zan rataya ba," in ji Injiniya.

Manaja yana tsaye riƙe da allon, wani guntun katako da aka rubuta BABU MAI da jan fenti. Ya dubi layin motocin da ya fita daga harabar gidan man ya bi titi har ya sha kwana, sannan ya dawo da idonsa kanta.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan rataya ba, ranka ya daɗe. Da safen nan tanka ta sauke. Ni na zura sandar awo da hannuna, tanki cike yake har wuya."

"Zuba mai aka ɗauke ki yi ko wa'azi? Gobe ko jibi gwamnati za ta janye tallafi, farashi zai ninka. Duk gidajen man garin nan sun rufe suna jira. Mu kaɗai ne wawaye?"

"Akwai waɗanda suka kwana a layin nan. In kana so ka ce musu babu, ga bakinka."

Ta juya ta zura kan tiyo a tankin wata tsohuwar mota. Lita biyu ba su gama shiga ba famfon ya yi shiru, Manaja ya kashe shi daga ofis. Da ya fito bai ɗaga murya ba. Ya miƙa wa Dogo, abokin aikinta, allon, ita kuma ya ce ta tuɓe rigar aiki ta ajiye a kan tebur. Ta ninke ta tsaf kamar za ta ba da kyauta, ta wuce ta gaban layin kanta a sama. Dogo bai yarda sun haɗa ido ba.

Sai da ta kai bakin layin gidansu ta ji ƙarar janareta, sannan ta tuna hannunta babu galan.

Al'adar gidan man ce, duk ma'aikacin da ya tashi aiki yana da damar sayen galan ɗaya ba tare da ya bi layi ba. Sauran sukan sayar wa 'yan bumburutu na bakin titi su ci riba. Nata kullum gidan maƙwabcinsu yake zuwa, Baba Walda. Ƙuruciyarsa gaba ɗaya a matatar mai ya ƙare ta, yana walda a cikin bututu, hayaƙi na shiga inda ya ga dama. Matatar ta tsaya tun Injiniya na firamare, ta sallame shi da huhu kamar tsohon soso. Yanzu da na'urar numfashi yake rayuwa, wata akwati fara mai siririn tiyo zuwa hancinsa. Na'urar wuta take ci, wutar unguwar kuwa baƙuwa ce, in ta leƙo ba ta zama ta sha ruwa.

Shi ya raɗa mata sunan. Ranar da ta dawo daga jami'a da takardar injiniyan man fetur, ya sa aka zaunar da shi ya karanta ta daga sama har ƙasa. Da ta gaji da yawon neman aiki ta karɓi zuba mai, mutanen layi suna kiran sunan da dariya a ciki. Shi kaɗai yake kiransa da gaske.

Ta same shi jingine da filo, rediyo a kan ƙirjinsa, wani jami'i yana bayani a kan ribar da ƙasa za ta ci nan gaba. Matarsa, Inna, tana masa fifita da marfin kwali.

"Injiniya ta dawo da rana tsaka. Ko an naɗa ki minista ne?"

"An kore ni, Baba."

Ta faɗa musu komai. Inna ta daina fifita. Shi kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, sai da aka dafa masa baya.

"'Ga bakinka' kika ce masa? Ashe kuɗin makarantar nan bai tafi a banza ba. Mu a zamaninmu 'to, ranka ya daɗe' muka yi ta cewa, har suka sayar da ƙarafan matatar muna kallo."

"Malam, ana maganar galan kana maganar zamani," in ji Inna.

"Ƙasar da ke kwance a kan mai, a ce galan ɗaya ya gagare ni? Ai da na yi abin kunya."

Injiniya ta fita tsakar gida, ta buɗe murfin tankin janaretar ta leƙa, ta girgiza jarkar ajiya. Ta yi lissafi a zuci. In an bi a hankali, zai kai su yammacin gobe.

"Kada ki sayi na bakin titi, Inna," ta ce. "Gauraya suke yi, zai kashe injin. Ni zan samo."

Inna ta yi maganar asibiti. Baba ya ce asibitin da shi ma sai za a yi tiyata ake tayar da janareta, gara ya zauna inda ya san mai fifita.

Washegari gari ya waye ba wuta. Injiniya ta ɗauki galan ta fita da ƙafa, domin masu babur sun yi ƙaranci, waɗanda suka fito kuwa ba a taɓa su don tsada. Ko'ina allo iri ɗaya ne a rataye. Gidan mai ɗaya da ta samu a buɗe, an ce doka ta hana zuba mai a jarka, sai a tankin mota. Ta ce na mara lafiya ne. Mai gadi ya ce kowa a layin nan da mara lafiyarsa.

Da hantsi ta leƙa gida ta sha ruwa. A ƙofar ɗakin Baba ta yi wa Inna raɗa cewa za ta koma wajen Manaja.

"Kunnena ba huhu ba ne, yana aiki," in ji Baba daga ciki. "Kada ki durƙusa wa wannan yaron saboda ni. Kin ji ko?"

"Tambaya kawai zan yi, Baba."

"Tambaya da durƙuso 'yan ɗaki ɗaya ne."

Ta tafi duk da haka. Manaja ya karɓe ta da murmushi, ya sa aka kira ma'aikata duka. Ya ciro allon daga inda Dogo ya rataye shi, ya ajiye a gabanta.

"Abu mai sauƙi. Ki ɗauka ki rataya da hannunki, ki tsaya ki faɗa wa layi babu mai. Ga rigarki nan yadda kika ninke ta. Galan ɗinki kuma yanzu a cika miki ta baya."

Ta dubi allon. Ko nauyin littafi bai kai ba. Ta dubi layin, mutanen jiya ne, wasu sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motocinsu suna fakewa daga rana. Mai tsohuwar motar da ta fara zuba wa jiya ya gane ta, ya ɗaga mata hannu. Ta sake lissafin tankin janareta. Har yamma akwai. Tana kuma da wata ƙawa da suka yi jami'a tare, a can ƙarshen gari, mijinta yana da mota.

"Ka riƙe rigarka," ta ce.

"Girman kai rawanin tsiya," in ji Manaja a bayanta. Ba ta waiwaya ba.

Tafiyar ta fi yadda ta zata. Rana ta dake ta, takalminta ya tsinke, ta ɗaure shi da leda. Ƙawar ta tausaya, mijin ya yi ta jan ƙafa kafin ya yarda. Injiniya da kanta ta zura tiyo a tankin motar ta zuƙa da baki, man ya cika mata baki ta tofar, ya gangara cikin galan har ya wuce rabi. Ta rungumo shi a ƙirji kamar jariri. A hanya har tana shirya abin da za ta faɗa wa Baba, cewa yau injiniya ta haƙo mai da bakinta.

La'asar ba ta yi ba ta shigo layinsu. Tun daga kwana ta ji abin da ya canza. Ana jin kukan kaji, ana jin rediyon wani gida, amma babu ƙarar janareta. Takalma sun taru a ƙofar gidan Baba Walda.

Ba ta shiga ɗakin ba. Ta wuce wajen janaretar, ta taɓa jikin injin ta ji sanyi. Ta buɗe murfin tankin. Mai yana nan yana ƙyalli, fiye da yadda ta lissafa.

Ta tsaya riƙe da murfin. Ta sake leƙawa, ko idonta ne.

Inna ta fito, ba ta kuka, idanunta a bushe kamar wadda aka tasa daga barci.

"Akwai mai, Inna," in ji Injiniya. "Akwai mai a ciki."

"Shi ya ce in kashe."

"Ya ce ki kashe?"

"Kina fita ya ce in kashe, a adana man saboda dare. Ya ce in man ya kai gobe, yarinyar nan ba sai ta roƙi kowa ba. Na ce Malam, zafi ake yi. Ya ce shi da ya yi walda a cikin bututu, ɗan zaman nan ne zai gagare shi? In ya ji ba daɗi zai buga mini kofi a jikin gado." Ta dubi tafin hannunta. "Ina nan tsakar gida ina wanki, kunnena na wajen kofin. Bai buga ba. Na ɗauka barci ne."

Injiniya ta ajiye galan ɗin a ƙasa a hankali. Bakinta har yanzu ɗanɗanon fetur yake yi. Mata suna shiga suna fita, wata ta dafa kafaɗarta ta ce sai haƙuri, ita ba ta san da wa ake ba.

Kafin rana ta faɗi maza suka ɗauke shi. Motar da za ta kai shi makwanci ba ta da mai, sai da aka juye mata galan ɗin da Injiniya ta kawo.

Da safe rediyo ya faɗi sabon farashi. Kafin azahar an sauke alluna a ko'ina, famfuna suna ta aiki, har jarka ake cikawa a fili. Dogo ya zo gaisuwa da rigar aikinsa, ya tsuguna nesa da ita.

"Da kin rataya kawai," ya ce a hankali. "Kwana biyu ne fa."

"Na sani."

"In da za a sake..."

"Ban sani ba, Dogo. Kada ka tambaye ni yau."

Bayan ya tafi ta shiga ɗakin don ta taya Inna kwashe shimfiɗa. Ba ta rataya allon ba, ba ta yi wa kowa ƙarya ba, kuma abin da hakan ya ci ke nan: aikinta, da galan ɗaya, da Baba Walda.

Suna ninke zanen gado aka kawo wuta. Ba wanda ya tuna ya zare na'urar daga bango. Na'urar ta yi ƙara ta tashi, siririn tiyon da ke kan filo ya soma hura iska.