Layin da Tawada Ta Cinye

Gwak Mi-ran na cikin goge wa wani tsoho tamojin fuska a kwamfuta sai Manaja Pyeon ya tsaya a kanta, bakinsa na tashin tafarnuwa. Shi ne wakilin kamfanin da ya kawo tallan, wani ruwan saiwa wai mai saukar da hawan jini, za a buga a jaridar Asabar.

Doka ta ce dole a rubuta cewa ba magani ba ne, kada kowa ya bar na likita. Mi-ran ta sa layin baƙi a kan fari.

"Malama Gwak, wannan layin ya cika ihu. Mayar da shi fari, siriri, a kan ruwan ƙasa mai duhu."

"Yallaɓai, takardar jarida shan tawada take kamar tsumma. Za ta baje ta rufe haruffan."

"To da me kike tsammani? A allonki yana karantuwa, ko? Masu duba talla fayil suke gani. Saura kuma laifin inji ne."

Ya bushe da dariya har da dafa mata kujera. Ta waiwayi shugabanta na ofis, shi kuwa ya duƙufa yankan farce kamar ba a gabansa ake yi ba. Ranta ya yi baƙi, amma haka ta gyara ta tura wa maɗaba'a. Pyeon kuwa, mutumin banza, har godiya ya yi.

* * *

Ran Lahadi ta je garin Daegu gaida mahaifinta. Tun daga ƙofa ta ga kwalin ruwan saiwar, da hoton tsohon nan mai sumul ɗin fuska.

"Baba, wa ya kawo wannan?"

"Wa zai kawo? Ni na saya. Ba ke kika ce aikinki zai fito Asabar ba? Na kai jaridar zauren tsofaffi, kowa ya gani. Tsoho Bang ma biyu ya saya, duk da rowarsa!"

"Ƙwayoyinka na hawan jini fa?"

"Na huta da su. Ga na gaske ya zo."

Ta jawo jaridar, ta ɗauki gilashinsa na ƙara girman rubutu, ta ɗora yatsa a ƙasan shafin.

"Duba nan, Baba. An rubuta kada ka bar maganinka."

Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Babu komai sai wani dogon dabbare kamar sawun kyankyaso.

"Ke dai kin gaji, 'yar nan. Da abin cutarwa ne, ai ba za ki sa hannunki ba."

Ya yaga leda ɗaya ya juye a kofi. Wari ya bugo ta, irin na tsumman goge ƙasa da ya kwana a jiƙe. Ya miƙo mata yana murmushi.

Ta karɓa da hannu biyu, yadda ya koya mata tun tana ƙarama.