Maganin da Aka Ɓoye wa Dogo

"Kai dai ka ce musu shaye-shaye ne kawai," in ji Inna. "Kada ka ambaci muryoyin."

Kafinta ya dubi ɗakin ƙofar gidanta, wanda ya daɗe yana kwaɗayin zuba katakonsa a ciki.

"Inna, shaidar ƙarya fa ke nan."

"Ɗakin naka ne. Makullin yana kan ƙusa."

Ɗanta Dogo bakanike ne, da kunne yake gane ciwon mota. Amma akwai masu yi masa magana a cikin kai, shi kuwa da kayan maye yake rufe musu baki. Asibitin ƙwaƙwalwa sun ba shi magani, suka ce kada ya dawo sai ya bar shaye-shaye. Gidan gyaran 'yan maye kuma sun ce ba sa karɓar mai taɓin hankali. Takalman Inna sun ƙare tsakanin ƙofofin nan biyu.

Saboda haka ta tura maganin asibitin ƙarƙashin katifa, Kafinta ya sa rigarsa ta fita kunya, ya rantse wa jami'in gidan gyaran cewa lafiyar Dogo lau. Suka karɓe shi.

Bayan 'yan watanni Dogo ya dawo ya yi ƙiba, fuska fes. Unguwa ta yi ta barka. Da rana sai ya zo ya zauna kan bencin Kafinta.

"Maƙwabci, kunna injin yankan nan."

"Ba abin da zan yanka."

"Kunna dai. In yana ƙara ba na jin su."

Kafinta ya kunna. Ya yi niyyar gaya wa Inna ta fito da maganin, sai ya tuna inda katakonsa yake kwana, ya ce bari sai gobe.

Ranar da wuta ta ɗauke, Dogo ya koma wajen dillalin da ke sayar masa da kayan maye, ya sha daidai abin da ya saba sha a da. Jikin da aka wanke bai iya ɗauka ba. Abokan aikinsa suka tsinci gawarsa a kujerar bayan wata matacciyar mota, hannayensa toshe da kunnuwa.

Gidan gyara sun ci riba, har yau hotonsa na bangonsu cikin waɗanda suka warke. Dillali ya rasa mai ciniki ɗaya, ya samu wasu. Inna ce ta rasa duka. Kullum da yamma tana zaune a dakali, tana yi wa Kafinta sannu da aiki. Shi kuwa yana amsawa, idonsa a kan katako.