Kwanon da Ya Dawo da Zuma

Tun farkon bazara Zebo ta lura ƙanenta Davron yana ɓoye mata wani abu, ita kuwa ba macen da ake yi wa rufa-rufa ba ce. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ita ta tsaya a kansa har ya zama likitan haƙori a garin Chust, ita ta zaɓo masa matarsa Nigora. Ko tunkiya za a saya a gidan Davron, sai an tsallako titi an ji ta bakin Zebo-opa, wato Yaya Zebo. To ga shi yanzu mutum ya tsiri fita duk Asabar da sassafe, sai yamma ya dawo rana ta ƙona masa wuya, tufafinsa suna warin hayaƙi.

Da ta tambaye shi, ya ce zaman abokai ne. Zebo ta san zaman abokai sarai: a cika ciki da shinkafa da naman rago, a sha shayi, a yi ta cika baki. Ba a dawowa daga can da kumburarren hannu kamar gurasar da ta tashi. Ta fara lissafi a ranta. Ko mace ce, ko caca, ko giya, ko kuma ya faɗa hannun masu wa'azin ɓoye. Duk wanda ta ɗauka sai ta ga ya zauna daidai, domin ruwa ba ya tsami banza.

Ta shiga gidansu wata Laraba ba tare da ta aika ba. Nigora tana ganinta ta fizge wata farar riga daga igiyar shanya ta cusa a kwando. Mijinki likita ne, farar riga ai ita ce sana'arsa, mene ne na ɓoyewa? Yara ma da suka saba rataye mata a wuya suka gaishe ta a tsaye, kowa ya sulale. Zebo ta sha shayinta tana jefa tambayoyi ɗaya-ɗaya, matar ƙanen nata tana amsawa ido a ƙasa, ladabi kamar ta kwanta a taka. Wannan ladabin ne ya fi ba ta haushi, don ta gane da matar aka haɗa baki.

Washegari ta ɗaure kai ta tafi asibiti, wai haƙori ke damunta. Wata yarinya ta tarar a kujerar Davron, ta ce mata ai likita Davron ya ajiye aiki tun watan jiya. Zebo ta fito. A hanya ta yanke shawarar tara kawunnansu ranar Juma'a a zaunar da shi, kamar yadda ta yi sanda ya ce kiɗa zai koya yana saurayi, da sanda ya ce karatun gandun daji yake so, da shekarar da ya kwaso zancen komawa ƙauye. Duk ita ta kashe su tun suna ƙwai, kuma ko yau aka tambaye ta za ta ce alheri ta yi masa.

Kafin Juma'ar ta zo, tsohuwa Tursunoy, maƙwabciyarta, ta dawo mata da kwanon da ta kai mata samosa. A unguwar ba a mayar wa mutum kwano babu komai, ko ƙwayar gyaɗa biyu ce sai an saka. Zebo ta ɗaga ƙyallen da aka rufe shi, sai ga saƙar zuma tana naso, baƙa-baƙa, mai ƙamshin furen dutse.

"Ta Davron ɗinku ce," in ji tsohuwar. "Ɗana ne ke kai shi wurin amyoyin da motarsa. Na ce me zan saka wa Zebo, ita da ta gaji da shanta? Ba ni dai da wani abu ne a gidan."

Zebo ta ce eh, ta gaji da sha kam. Ta raka tsohuwar har ƙofa tana murmushi, ta dawo ta zauna a gaban kwanon. Farar rigar da Nigora ta ɓoye ma ta masu kiwon zuma ce. Ashe direba ya sani, uwar direba ta sani, yara ƙanana sun sani sun iya riƙe bakinsu. Ita da take zargin kowa, ita ce ɓarawon da aka kulle wa ƙofa. Abin ya yi mata ciwo fiye da a ce macen ce ta gano.

Da la'asar ta ɗauki kwanon ta tsallaka titi. Davron yana zaune ƙarƙashin rumfar inabi, ta dire masa shi a gaba. Ya dubi zumar, ya dube ta, bai yi musu ba. Ya ce kusan shekara biyu ke nan yana koyon kiwon zuma wurin wani dattijo, ya sayi amyoyinsa, kuma in zafi ya kankama zai hau tsauni da su ya zauna can har kaka. Murya a kwance yake faɗi, yadda yake gaya wa mutum haƙorinsa ba zai gyaru ba.

"Ƙanena, ni ka mayar bare? Ni?"

"Ba bare ba ce ke, opa. Da na gaya miki ranar da na fara, da kafin dare kin lissafa mini yadda za su mutu da sanyi, da yadda mutane za su yi dariya. Kuma da na yarda, don kullum maganarki gaskiya ce. Shi ya sa."

Ta buɗe baki, duk suna nan a kan harshenta: sanyin, karatun yara, abin da surukai za su ce. Ta ga ya sunkuyar da kai yana jira, irin sunkuyon da yake yi tun yana yaro in ta fara. Ta haɗiye su da ƙyar. Ta tambaye shi wa ya yi masa fatiha, tunda ba a soma abu babba sai babba ya sa albarka. Ya ce wani limamin ƙauye ne, wanda ko sunansa bai sani ba.

Zebo ta ɗaga tafukanta. Nigora ta fito daga kicin, yara suka matso, aka shafa tare. Ta roƙa masa albarka da zuciya ɗaya, kuma ta ji a ranta cewa ta biya, an koma kamar da. Ta share ido da bakin ɗankwalinta ta ce to, a wane kwari amyoyin suke, ta zo ta gani da idonta.

"Can sama ne, opa."

"Saman ai da faɗi."

"Da faɗi kam," in ji Davron, a hankali, ba tare da ya dube ta ba.

Ta jira ya ƙara wani abu. Nigora ta juya ta koma kicin.