Saƙon Safe na Seu Aristides

"Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu!" in ji Marluce. Kanta na cikin kwanon wanke gashi, kumfa har kunne, amma hannunta na sama riƙe da waya. "Nete, don Allah dubi nan. Wa ke da minti huɗu na zubarwa da sassafe?"

"Sauke hannun nan, kar ki jiƙa ta ki ce ni ce," na ce da ita.

Ba ta sauke ba, dannawa ta yi. Muryar tsohon ta cika shagona.

"Barkanku da asuba, mutanen Layin Mangwaro! Aristides ne, na gida mai lamba tara, ko da akwai wanda ya manta. Na leƙa sama, hadari na haɗuwa ta wajen teku, mai shanya ya yi hattara. Ruwan lambatu yana matakala ta ɗaya, babu abin tsoro. Af, na tuna wata rana a motar da nake kwandasta..."

Sai tari, sai kukan kanarinsa daga baya. Matan da ke jiran layi suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Ba zan ɓoye ba, na yi dariyar.

Ni ce na buɗe guruf ɗin layinmu a waya, shekara uku da suka wuce, lokacin da ɓarayin tukunyar gas suka addabe mu. Ni ce admin, mai sawa da cirewa, kuma ina jin daɗin wannan 'yar sarautar fiye da yadda ya kamata mace mai shekara arba'in da shida ta ji. Guruf ɗin ya yi mana rana. A nan ake sanin ranar da za a ɗauke ruwa, a nan Dona Zulmira ke sayar da kek ɗin rogonta, a nan aka gano karen Josimar mai walda da ya ɓata kwana biyu. Shekarar da aka yi babbar ambaliya a garinmu Recife, saƙon Seu Aristides ne, wato Baba Aristides a bakinmu, ya tashe mu, ya ce ruwan lambatu ya haye matakala ta huɗu, kowa ya ɗaga firij. Layin da ke bayanmu sun rasa komai, mu katifu kawai muka shanya.

Amma ɗan Adam mai mantuwa ne. Ambaliya sau ɗaya ta zo, saƙon tsoho kuwa kullum ne, ƙarfe biyar da rabi, har ran Lahadi.

Shekararsa saba'in da tara. Gidansa na kallon shagona, titi kawai ya raba mu. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya na can São Paulo, shi ya saya masa wayar ya koya masa abu guda: danna hoton makirfo ka yi magana. Rubutun waya ba ya gani. Kowace safiya yakan rataye kejin kanarin a ƙusar bakin ƙofa, da yamma kuma ya fito da kujerun roba biyu, ya zauna a ɗaya. A dā duk layin haka ake yi, kowa da kujerarsa a ƙofar gida ana shan iska ana gulma. Tun da gulmar ta koma cikin waya, shi kaɗai ya rage a waje.

Marluce ce ta kawo maganar ƙuri'a. Bakinta ba shi da birki, amma gaskiya ba ita kaɗai ba ce. Mutum talatin da ɗaya suka ce guruf na abin gaggawa ne, ba gidan rediyo ba. Huɗu suka ce a ƙyale shi. Na rubuta sabuwar doka, na manna a sama. Washegari ƙarfe biyar da rabi sai ga minti biyar cur, har da labarin wani fasinja da ya shiga mota da akuya. Ta ina zai ga dokar? Na san ba ya karatu a waya, duk da haka raina ya ɓaci kamar da gangan ya yi. Ina shan kofi na danna sunansa, na cire shi.

Da hantsi ya tsallako, da hularsa da silifas, yana riƙe da wayar da hannu biyu.

"Nete, 'yata, duba mini abin nan. Na danna, ya ƙi."

Na karɓa, na jujjuya ta kamar ban san ciwon ba. Kunya ta hana ni kallon idonsa.

"Seu Aristides, matsalar kamfani ce. Guruf ɗin ya cika, sai sun gyara."

"Ya cika?" in ji shi. "Har mota ma takan cika. To ga shawara. Sai in riƙa turo miki, ke kuma ki miƙa musu. Damina ce, kin san lambatun nan ba shi da amana."

"To, babu damuwa."

Da hannuna na sa sunana a saman wayarsa, inda yatsansa ya saba zuwa. Ya yi godiya, ya ce gashina na yau ya fi na jiya, ya koma.

Kwana biyu na saurara. Ban miƙa wa kowa ba. A rana ta uku na kashe ƙarar saƙonsa, don ni ma ina son barcin safe. Daga nan sai dai in ga 'yar lamba kusa da sunansa tana hawa: biyar, tara, sha huɗu. Idan muka haɗa ido ta tsallaken titi sai ya ɗaga wayar sama, ni kuma in ɗaga masa babban yatsa. Marluce har kek ta kawo mini na tukwicin cire shi da na yi.

Sai makon bikin São João ya zo, babban bikinmu na damina. Duk mai shagon gashi ta san wannan mako, ko ruwa ba ka samun sha a zaune. Kitso, rini, 'yan mata masu son kintinkiri a kai don rawa. Daren bikin aka hura wuta a ƙofar kowane gida, ana gasa masara, kiɗa na tashi ta kowane lungu, wasan wuta na fashewa tun safe har ba ka jin na kusa da kai. Na ga ƙofarsa a rufe, babu wuta a gabanta, na ce a raina tsoho ya gaji da hayaniya. Ban sake tunawa ba.

Washegari ina share tokar bakin shago na ɗaga kai. Ƙusar babu keji. Na tsaya da tsintsiya a hannu, ina ƙoƙarin tuna ko jiya na gan shi a rataye. Ban gan shi ba.

Na ciro waya. Yau bai turo komai ba. Saƙon ƙarshe na jiya ne, ƙarfe shida saura, kuma tsawonsa daƙiƙa goma sha ɗaya. Mutumin da bai taɓa yin ƙasa da minti uku ba. Na danna.

"Nete... na faɗi a kicin. Ƙafar ta ƙi tashi. Ki gaya wa mutanen layi, 'yata. Ba gaggawa sosai."

Ban san lokacin da na tsallaka titi ba. Na buga ƙofa, na kira sunansa, shiru. Na danna makirfo a guruf, na yi ihu a ciki. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne saurin da aka yi. Kafin minti biyar Josimar ya iso da ƙarfe, mijin Marluce ya kawo mota bakin ƙofa, Edileuza mai aikin jinya ta fito da rigar barci da jakarta. Mutum sittin ne a guruf ɗin. Da a can saƙon ya faɗa, ko kofinsa ba zai huce ba.

Muka same shi kwance a kan tayil, gefen murhu, garin dambun masara ya watse a ƙasa. Wayar na kusa da hannunsa, caji ya ƙare. Ya ja tawul ɗin goge kwano ya rufe ƙirjinsa da shi. Kejin na kan tebur, lulluɓe da zanen da yake rufa masa da dare. Kwana ɗaya da 'yan awoyi ya yi a nan, ya ce ya yi kira har murya ta dushe, amma wasan wuta ya fi shi ƙarfi.

"Kun fasa mini ƙofa," ya ce da Josimar, da ƙyar ake ji. "Kai za ka gyara."

"Zan gyara, Seu Aristides. Har fenti zan yi mata."

A asibiti suka ce ƙashin ƙugu ya karye, amma ba shi ne abin tsoro ba. Sanyin tayil ya shiga huhunsa. Ɗansa ya ce sai Litinin zai samu jirgi, don haka muka raba kwanakin jinya a guruf, kowa na rige-rigen sa suna. Na ɗauki Asabar.

Na same shi da robar iska a hanci, ya ƙanƙance a cikin gadon. Na zauna, na gyara masa bargo, na sake gyarawa. 

"Seu Aristides, guruf ɗin nan... ba cika ya yi ba."

"Na sani."

Na ɗago.

"Shekara talatin ina kwandasta, 'yata. Na san fuskar mutum idan zai sauke fasinja yana cewa mota ce ta lalace. Ni ma na yi." Ya yi tari mai tsawo, na riƙe masa kofin ruwa. "Surutuna ya yi yawa. Matata Celestina ma ta sha faɗa, Allah ya ji ƙanta. Amma dai kina miƙa musu na lambatu, ko? Ko da a taƙaice?"

A nan ne ya kamata in ƙarasa gaskiyar. Na dubi idonsa, na kasa.

"Ina miƙawa."

"To shi ke nan." Ya lumshe ido. "Tsuntsun nan, ki riƙe shi. Kar ki ba shi latas, yana sa shi zawo. Kuma sai an yi masa magana da safe, in ba haka ba ba ya kuka."

Ranar Lahadi da rana ya cika, Edileuza na gefensa. A guruf na gani, kamar kowa.

Kafin yamma saƙo ya haura ɗari biyu. Hoton kyandir, hoton hannu biyu a haɗe, hoton fure. Wanda bai taɓa tsallaka titi ya zauna a kujerar nan ta biyu ba ya rubuta cewa uba ya rasa. Marluce ta nemi in canza hoton guruf in sa nasa, wanda aka ɗauka yana riƙe da keji. Na sa. Ta rubuta a ƙasa, "Muryar layinmu." Na ji kamar in je in shaƙe ta, sai na tuna yatsan wa ya danna.

Amma a maƙabarta Marluce ta yi kuka na gaske, har sai da aka riƙe ta. Layin gaba ɗaya ya fito, motoci bakwai, duk a guruf aka tsara. Ɗansa ya iso daga filin jirgi kai tsaye, ya rungume ni, ya ce mahaifinsa kullum yana faɗa masa cewa Nete ce ke kula da saƙonninsa. Ya ce Allah ya saka mini. 

Josimar ya gyara ƙofar, ya yi mata fenti shuɗi kamar yadda ya yi alkawari. Yanzu an liƙa takardar sayarwa a jikinta. Na buga ƙusa a bakin shagona na rataye kejin, amma kwana huɗu kanarin bai ce uffan ba. Na yi masa magana, na yi masa fito, ya juya mini baya.

A rana ta biyar, ƙarfe biyar da rabi, na zauna a bakin ƙofa da kofina, na buɗe sunan Seu Aristides. Saƙo goma sha shida ne ban taɓa ji ba. Na danna na farkonsu.

"Barkanku da asuba, mutanen Layin Mangwaro! Aristides ne, na gida mai lamba tara. Nete za ta miƙa muku wannan, ku yi mata godiya, yarinyar kirki ce. Yau sama garau take..."

Daga bayansa kanarin cikin waya ya fara kuka. Na cikin keji ya karkata kai, ya yi tsalle zuwa sandar sama, ya amsa.

Ɗaya nake kunnawa kowace safiya, ba na ƙarawa. Na yau minti shida ne, ya ce ruwan lambatu na matakala ta biyu, ya kuma ƙarasa labarin mai akuya. Da ya ƙare na zuba wa tsuntsun ruwa, na ɗauko tsintsiya. Saura saƙo biyar.