Tuba Nike

Duk wanda ya ce muku Babana ya amsa laifi a gaban kotu, ku ce masa ni Taibatu na ce ƙarya yake yi. Ina wurin a zaune, kuma kunnuwana lafiyarsu ƙalau.

Babana, Malam Lauwali, manomi ne a Tungar Audu, wani ɗan ƙauye can bayan Faru a ƙasar Maradun. Ni kuwa aure ya kawo ni Talata Mafara, ina koyarwa a makarantar firamare. Ana tsakiyar girbin gero 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyenmu da hantsi. A gona suka iske ƙanena Isa, yana ɗaurin dami. Baba da hannunsa ya yi masa wanka, shi ya ja sallar gawa, ta Isa da ta sauran da aka jera tare da shi. Da aka rufe su, kowa ya kwashi abin da kansa zai iya ɗauka. Baba ya zo gidana da buhun tufafi da carbinsa.

A ƙofar gidana aka ci gaba da karɓar gaisuwa. Ana zaune a kan tabarmi wani ya kunna rediyo, sai ga wani mai magana da yawun gwamnati yana cewa an fatattaki maharan tun kafin su shiga gari, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Jama'a su yi watsi da masu yaɗa jita-jita, in ji shi. Muryarsa sumul, ka ji wanda ya karya da shayi mai kauri.

Baba mutum ne da ko akuya ta shiga masa shuka sai ya lallashe ta ta fita. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ina daga soro na ji shi.

"Ba a kashe kowa ba? To wa munka yi wa sallah? Itace munka rufe? Wanda ya kasa tsare muna ɗiyanmu, shi bar mu mu yi kukansu mana!"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wani daga cikin masu gaisuwa ya ɗauka a waya, ya tura wa wani, wani ya tura gaba. Kafin sati ya zagayo, har Legas an ga Babana da jajayen idanu. Sai ga mota marar lamba ta tsaya a bakin masallacin unguwarmu bayan Azahar. Mutanen cikinta suka yi awon gaba da Baba, ko takalminsa ba su bari ya sa duka biyu ba.

Na yi yawo har ƙafata ta yi kanta. In na je nan a ce ba ya nan, in na je can a ce in dawo gobe, wanda maganar ke hannunsa yana taro. Mutanen da suka kasa gano inda 'yan bindiga suke da shanu ɗari-ɗari, su ne suka gano tsoho guda a sahun masallaci ba tare da sun yi ɓatan kai ba. Daga ƙarshe wata lauya, Barista Sakina, 'yar nan garin ce, ta shiga maganar don Allah. Ita ta gano mana cewa za a gurfanar da shi a wata kotu ta musamman da aka kafa saboda masu yaɗa jita-jita kan tsaro. Tuhumar kuwa, wai tunzura jama'a.

Da safen da za a shiga kotu aka bar mu muka gan shi a baranda. Ya rame, rigarsa ta yi dauɗa, amma sai da ya tambaye ni lafiyar maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya.

Barista ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. Za a karanto maka tuhuma, a ce ka aikata ko ba ka aikata ba. Abu guda za ka ce: ban aikata ba. Kada ka ƙara komi, sauran aikina ne."

"To, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Abin da ba mu sani ba, ni da ita, shi ne wanda zai hau kujerar. Da alƙalin ya shigo sai na ga Baba ya zabura. Mas'ud ne, ɗan marigayi Malam Zaharadeen na Bakura. A zauren mahaifinsa Baba ya yi karatu yana saurayi, duk rani in an gama aikin gona sai ya tafi can. Har yau in aka ambaci sunan Malamin sai Baba ya gyara zama. A wurin irin su Baba, ɗan malaminka malaminka ne, ko da kai ka goya shi.

Baba ya tuɓe silifas ɗin da na kawo masa, ya zube a cikin akwatin masu laifi har sai hularsa kaɗai ake gani.

"Allah shi gahwarta Malam. An kwana lahiya? Ina gajiya? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa mutanen Bakura? Hajiya na nan da ƙarhi?"

Alƙali ya kafa wa fankar sama ido kamar ita ta gaishe shi. Wani ɗan sanda ya ɗago Baba tsaye, magatakarda ya karanto tuhuma, ya fassara. Sannan alƙali ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Lauwali, ka ji abin da ake tuhumarka da shi. Ka aikata ko ba ka aikata ba?"

Na ga bakin Baba yana motsi. Na san abin da ke damunsa. Ya buɗe baki ya ce wa ɗan Malam "ban yi ba" gatsau, ba ladabi ba share fage, wannan a wurinsa fitsara ce. Sai ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya sunkuyar da kai.

"Tuba nike, Allah shi gahwarta Malam..."

Kowa a ƙasarmu ya san wannan magana. Ita ce sallamar da ƙarami ke yi kafin ya musa wa babba. Talaka na faɗa wa hakimi, ɗalibi na faɗa wa malami, ɗa na faɗa wa uba, sannan "amma" ta biyo baya, a faɗi gaskiyar da aka zo da ita. Yaron da ke aji uku a makarantarmu ya san haka. Wallahi bakin Baba a buɗe yake, "amma" tana kan harshensa.

Mai gabatar da ƙara ya yi wuf ya miƙe. "Ya mai shari'a, wanda ake tuhuma ya ce ya tuba. Ba a tuba sai an yi laifi. Ya amsa da bakinsa."

Barista Sakina ta tashi har kujerarta ta faɗi. "Ya mai shari'a, wannan ladabi ne, ba amsa ba ce! Bai gama magana ba. Ina roƙon a sake yi masa tambayar."

"Kotu ta ji da kunnenta," in ji alƙali. Alƙalaminsa na ta tafiya.

"Ya mai shari'a, kai ma ɗan ƙasar nan ne. Ka san abin da yake nufi."

"Barista, ki zauna, ko in sa a zaunar da ke."

A nan ne na kasa riƙe kaina. Na miƙe na ce, "Mas'ud, ka ji tsoron Allah! A zauren ubanka ya koyi wagga magana! Sau nawa ka ji an hwaɗa wa Malam ita?" Ban ƙarasa ba 'yan sanda mata suka yi waje da ni, mayafina na jan ƙasa. Ta taga na ji sauran. Ɗaurin shekara guda, ba zaɓin tara. Shari'ar gaba ɗaya ba ta kai tsawon dahuwar shinkafa ba. Na kuma ji muryar Baba yana cewa, "Na gode, Allah shi gahwarta Malam," don bai ma gane an gama ba.

Da baƙo ne aka kawo daga wata uwa duniya, wanda bai san harshenmu ba, da na ce kuskure ne, in yi kuka in haƙura. Amma kowa a ɗakin nan ya sha nonon Hausa. Mai gabatar da ƙarar ɗan Maradun ne. Sun san abin da tsohon nan yake nufi sarai, suka ɗauki tarbiyyarsa suka ɗaure shi da ita. Wannan shi ke hana ni barci har yau.

Barista ta ɗaukaka ƙara. Ranar farko aka ce takardun shari'ar ba su iso ba. Ta biyu aka ce alƙalin can ya tafi taron ƙara wa juna sani. Ta uku lauyan gwamnati ne ba ya jin daɗi. Beli kuwa aka ce maganar tsaro ce, ba a gaggawa. Shi ko Baba yana da hawan jini, ƙafafunsa suka fara kumbura a gidan yari. Duk ziyarar da na je sai in tarar ya ƙara tsufa. Tsoro ya kama ni sosai, don na fara ganin ba lalle ya ga ƙarshen shekarar nan ba.

Na shirya na tafi Bakura, wurin yayan alƙalin, wanda ya gaji zauren Malam. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini fura. Da na gama bayani ya daɗe yana jan gemu.

"Taibatu, Lauwali ɗan gidan ga na. Mas'ud ya san shi, ya san abin da yac ce. Na kira shi na yi mishi hwaɗa, sai yas sa min kuka. Ya ce tun kahin shi zauna anka bugo mishi waya daga sama."

"To Malam, in waya ka yanke hukunci, mi ad amfanin kujerar?"

Ya dai yi alkawarin zai nemi wani Alhaji Hashimu, na hannun daman manya, ko za a samu sassauci.

Aka samu, irin nasu. Alhaji Hashimu ya aiko a ce mini in same shi a gidan yari, za a saki Baba a ranar. Na tuƙa tuwo da miyar kuka na bari a rufe, na ɗauko masa wankakkiyar riga. A ofishin shugaban gidan na tarar da su. Alhaji ya cika kujera da babbar riga, turarensa ya cika ɗakin, wani mutum kuma ya kafa kyamara a kan ƙafafu uku. Aka shigo da Baba yana dafa bango, aka ba shi kujera.

Alhaji ya gaishe shi da fara'a, har da tambayar jiki. Sannan ya ce, "Malam Lauwali, gwamnati uwa ce, ba ta riƙo. An yi maka ahuwa. Abu kaɗan ya rage. Ka dubi na'urar nan ka ce sharrin Shaiɗan ne da zugar 'yan adawa, ba a kashe kowa ba a Tungar Audu. Kana gamawa, ga mota nan, ka bi ɗiyarka gida."

Na dubi ƙafafun Baba, sun yi suntum har fatar na ƙyalli. Ba zan ɓoye ba, so nake ya fito ko ta halin ƙaƙa. Na durƙusa kusa da shi na ce a hankali, "Baba, Allah ya san gaskiya, mu ma mun sani. Jikinka ba shi ɗaukar wurin ga."

Ya dafa kaina. Ya gyara hularsa, ya juya wajen kyamarar, mai ɗauka ya ɗaga masa yatsa alamar ya fara.

"Alhaji," in ji Baba, "kun ce ba a kashe kowa ba?"

"Haka ne, Malam. Haka za ka ce."

"To madalla. Ku da kunka hi mu sani. Ina da yaro, Isa sunanshi, dogo, yana da tabon lauje a hannun hagu. Tunda ba a kashe shi ba, yana wurinku ke nan. A taimaka a kawo man shi. Shina shigowa ƙohwar ga, wallahi in hwaɗi duk abin da kuka so, har in ƙara muku."

Alhaji ya ce a kashe kyamara. Ya tattara rigarsa, ya ce da shugaban gidan tsohon nan bai shirya fita ba, ya wuce ko sallama babu.

Gandiroba ya zo ya kama Baba a hammata. Na miƙa masa wankakkiyar rigar ina kuka. Ya karɓa ya rataya a kafaɗa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Taibatu, ki bar kuka. Ni na sa shi cikin rami da hannuna. In na ce bai mutu ba, wa za ya riƙa yi mishi addu'a?"

Aka ja ƙofar ƙarfen, na ji an murɗa makulli. Na tsaya ina jin jan ƙafarsa a siminti har ya yi nisa.